Yadda Za Ka Hana Buɗe Shagon Maganin Wiwi a Garinku Ba Tare da Ka Ce A'a Ba

Kai sabon kansila, ja kujera ka zauna. Na ji jiharku ta bi sahun tamu: an jefa ƙuri'a, an halatta wa marar lafiya mai katin likita ya sayi maganin wiwi, sannan manyan babban birni suka kakkaɓe hannu suka ce kowane gari ya tsara inda za a kafa shagon. Yanzu garwashin yana tafinka. In ka ce e, matan coci za su ce kai ka kawo wa jikokinsu hayaƙi. In ka ce a'a, lauyoyi su yi maka dirar mikiya.

Sunana Wendell Kreider. Shekara sha huɗu na yi ina shugabantar majalisar Wexley, garin mutum dubu uku a tsakiyar gonakin masarar Amurka. Shago ɗaya tak aka nemi buɗewa, na riƙe shi shekara huɗu da wata bakwai. Je ka binciki littafin taronmu shafi-shafi, ba za ka ga inda na ce a'a ba. Ka bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawarin samun abin da na samu, har da ƙari.

Mataki na 1: Ka fi kowa goyon baya

Ranar da Rhoda Lindqvist, wadda ta yi shekara ashirin tana haɗa magunguna a kemis ɗin garin, ta kawo takardar neman izini, ni na fara miƙewa na riƙe hannunta da hannu biyu. Na ce, “Rhoda, majalisar nan tana tare da marasa lafiya ɗari bisa ɗari.”

Haddace jimlar nan. Ba ta da ranar cikawa, ba a kai mutum kotu a kanta.

A ranar ne kuma za ka gane wanda zai zame maka ƙaya, don kowane gari yana da nasa. Namu ita ce Misis Darlene Ostrander, mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ta yi shekara talatin tana tuƙa motar ɗaliban makaranta. Rabin majalisar a motarta muka girma, har da ni. Mijinta Vernon tsohon mai walda ne, yana fama da ciwon jijiya da ke murɗe masa ƙafafu kamar ana matse tsumma. In ya ɗiga man maganin a ƙarƙashin harshe, yana iya zama ya ci abinci da hannunsa. In babu, sai dai a ba shi a baki. Shago mafi kusa yana mil ɗari da arba'in daga Wexley, dokar jiha kuma ba ta yarda a sayar wa mutum abin da ya wuce na mako biyu ba. Ba ta da wanda za ta bar wa shi, don haka duk bayan mako biyu sai ta shimfiɗe shi a kujerar baya ta kama hanya.

Ta tambaye ni, “Yaushe za a buɗe?”

Na ce, “Nan ba da jimawa ba, Misis Ostrander.”

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, “Haka ka ce ranar da na tambaye ka yaushe za ka daina manna cingam a kujerata.”

Mataki na 2: Dakatar, don a yi nazari

Wata shida. Ba wanda zai yi faɗa da wata shida. Ka kafa kwamiti, ka sa mutum biyar da ba sa ga maciji da juna, ka tabbata ɗaya yana tafiya kudu wajen 'yarsa duk lokacin sanyi. In wata shidan ya cika, ka nuna takaici a bainar jama'a cewa kwamiti bai gama ba, ka ƙara wani shidan. Ni sau uku na ƙara. Riƙe wannan daga bakina: kwamiti ba ya mutuwa, barci yake yi, kuma tashinsa ba aikinka ba ne.

Mataki na 3: Ɗauko igiyar awo

Nan ne gwaninta take. Jiha ta ce shagon ya yi nisan ƙafa dubu daga makaranta. Madalla. Ku kuma sai ku ƙara coci, da ɗakin karatu, da gidan renon yara, da wurin shaƙatawa. Wexley tana da coci sha ɗaya. Ni da Boyd Hatcher, lauyan gari, muka shimfiɗa taswira muna zana da'ira da jan biro har garin ya koma kamar mai ƙyanda.

Wuri ɗaya ya tsira, wani fili a bayan shagon faci. Cikin mako guda muka kai benci da lilo muka kafa a gefensa, muka sa allo, ya zama wurin shaƙatawa. Ban taɓa ganin wanda ya shaƙata a wurin ba sai wata kyanwa.

Sai dai ka sa ido. Wata Asabar ina shan kofi a bakin taga na hango Darlene a titi tana tura wata 'yar taya ta awon hanya da ta ara, tana rubutu a takarda. Kwana goma ta yi tana zaga garin da ƙafa. A taro na gaba ta ajiye takardar a gabana.

“Tsohon gidan wanki na titin tasha. Ƙafa dubu da sha biyu daga ƙofar coci. Sau uku na auna.”

Boyd ya yi tari, ya ce, “Shugaba, ai dokar ba ta fayyace daga ina ake fara awo ba.” A daren... a'a, ba ma sai an kwana ba, a zaman nan muka fayyace: daga shinge ake farawa, ba daga ƙofa ba. Sai ya koma ɗari tara da casa'in da ɗaya.

Darlene ta ce, “Boyd, kai ne ka maimaita aji huɗu saboda lissafi. Yau kuma ka iya?”

Kada ka yi dariya a irin wannan wuri. Ni na yi, Boyd bai gaishe ni ba har mako biyu.

Mataki na 4: Saurari jama'a, minti uku-uku

Doka ta wajabta taron jin ra'ayi, amma ba ta ce a ina ko yaushe ba. Sa shi ranar Talata ƙarfe goma na safe, lokacin da masu lafiya suna wurin aiki. Marasa lafiya kuma ka sa musu shi a bene. Injin hawan benenmu ya lalace tun bara waccan, kuma gyaransa yana hannun wani kwamitin.

Na yi zaton kujeru za mu yi wa jawabi. Sai na ji nishi a matattakala. Maza huɗu daga cocinmu, waɗanda nake ƙirgawa cikin masu ƙuri'ata, suka shigo ɗauke da Vernon a kan kujerarsa, Darlene tana gaba tana cewa, “A hankali, ba buhun taki ba ne.”

Magana tana yi wa Vernon wuya, kalma ɗaya-ɗaya take fita. Ya ce, “Ni ban zo neman buguwa ba. Shekara arba'in ko giya ban sha ba. Wendell shaida ne, shi yake shanye rabona a wurin biki.” Aka yi dariya. Ya jira ta lafa, ya ce, “Tafiyar ce. Ba don ni ba. Matar nan idonta ya fara...”

Minti uku suka cika. Na kaɗa ƙararrawa.

Wani manomi ya miƙe daga baya, ya ce, “Na ba shi nawa mintin.” Wata mata ta ce ita ma. Boyd ya raɗa mini cewa ƙa'ida ba ta yarda a yi kyautar lokaci ba, na ɗaga ƙararrawar zan sake kaɗawa.

Darlene ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Wendell ɗan Edna, ajiye abin nan.”

Wallahi hannuna da kansa ya ajiye. Vernon ya yi minti goma sha ɗaya. Ya ce idonta ya fara raunana, ba ta ganin layin titi in rana ta yi ƙasa, kuma duk tafiya yana kwance a baya yana jin tayar mota tana taka gefen hanya, yana yin shiru don kada ta san ya ji. Darlene ba ta san ya sani ba sai a ranar. Ta tsaya tana kallon bango.

Darasi biyu. Na ɗaya, ka ba wani ya riƙe ƙararrawa. Na biyu, in an gama ka karkatar da kai, ka ce abin ya taɓa zuciyarka, ka mai da batun ga kwamiti.

Mataki na 5: Jiha ta turo, kai ka mayar

Jiha ba ta ba da lasisi sai da takardar amincewar gari. Ku ma ku kafa dokar cewa ba kwa amincewa sai da takardar tantancewar jiha. Tasu tana mutuwa bayan kwana casa'in, to ku riƙa duba irin wannan batu sau uku a shekara. Rhoda ta yi ta kai da kawowa har ma'aikatan can suka san irin kek ɗin da take so. Duk zuwanta ka tausaya mata, ku zagi mutanen babban birni tare. Babu abin da ke ƙulla zumunci kamarsa.

Mataki na 6: In an yi rasuwa, aika furanni

A watan Fabrairun shekara ta uku, Darlene da Vernon suna dawowa daga sayen magani da rana, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Motar ta zame ta faɗa rami a wajen mil na casa'in. Ba wanda ya ji rauni, amma injin ya mutu, suka yi awa huɗu a ciki kafin motar share hanya ta gan su. Darlene ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe shi. Ciwon huhu ya kama shi, bayan kwana tara ya rasu.

Ka je jana'izar. Rashin zuwa ya fi zuwa tsada. Na sa baƙar kwat, na kai furanni da sunan majalisa zuwa ɗakin cin abinci na coci, inda mata suka jera tukwanen dankali da naman kaza. Darlene ta karɓa, ta buɗe katin ta karanta, ta ɗago.

“An gode, Wendell. Wannan kam bai ɗauke ku wata shida ba.”

Ta sa aka zuba mini abinci. Na ci, don ana kallona. Ban san abin da na ci ba.

Mataki na 7: Sauka kafin a sauke ka

Na ɗauka tunda mai ciwon ya tafi, maganar ta tafi. Nan na yi kuskure, kai kada ka yi. Bayan mako uku Darlene ta fara bin gidaje da takarda. Ashe a tafiye-tafiyenta ta san duk mai kati a yankin: mai kansa, mai farfaɗiya, tsohon sojan da ba ya barci. Su suka riƙa kai ta ƙofa-ƙofa a motocinsu, don ta daina tuƙi. Suka tara sa hannun mutum ɗari tara, abin da ya tilasta a kai batun akwatin zaɓe, inda ni da Boyd ba mu da jan biro.

Da ka ga haka, ka sanar cewa ba za ka sake tsayawa ba, kana so ka ba iyalinka lokaci. Matata ta ce, “Wane laifi muka yi maka?”

Ranar zaɓe, kashi biyu cikin uku suka ce a buɗe.

Mataki na 8: Sayar da ilminka

Rhoda ba ta ga ranar ba. Ta riga ta gaji, ta tattara ta koma wata jiha wajen ƙanwarta. Wani kamfani daga nesa, mai shaguna arba'in, shi ya zo neman gurbin, ya tarar da sauran dokokin da muka ɗaura tuli guda. Wa ya san bakin zaren? Suka ɗauke ni mai ba da shawara. Cikin mako uku na kwance komai. Shagon yana nan yanzu, da kyamara da mai gadi, kuma ran buɗewa ni na riƙe almakashin yanke ƙyalle. Darlene ta zo, ta zaunar da mutanenta a layi, ta tabbata kowa ya shiga, ta tafi kafin a ɗauki hoto.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In teburin da ka saba zama a wurin shan kofi ya fara watsewa da ka ja kujera, ba ruwana. In matarka ta koma zama a wani benci a coci, ku sasanta can tsakaninku. Kada ka rubuto mini, kada ka ambaci sunana a kotu, zan ce ban san ka ba.

Abu ɗaya ne zan gargaɗe ka a kai, shi ma ba don in ɗauki nauyinsa ba. Zagi yana da magani, na ba ka kusan dukkansu. Amma ni har yau in muka haɗu da Darlene a kantin cefane, sai ta tsayar da keken tura kayanta, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi lafiyar matata da ciwon gwiwata, ta tsaya tana jiran amsa. Na yi shekara biyu ina nema, ban samo wa wannan mataki ba.