Yatsun Kawuna

A warsharmu ta gyaran mota a Gubaira, nan ƙasar Larabawa, ni ake tambaya in maganar kiɗa ta taso, don kawuna makaɗin gurmi ne a Maraɗi. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba.

Wata rana wani Bature ya kawo motarsa gyara, ya bar mana ita. Da Ilu, abokin aikina ɗan Damagaram, ya tayar da motar, sai faifan da ke ciki ya kama: tsirkiya na gudu kamar an koro ta, goge na biye da ita, babu mai waƙa.

Na ajiye sifana, na lumshe ido. Na ce, "Gurmi ne. Kai, yatsun kawuna ne ma. Turawa sun sace."

Ilu ya ce, "Yaya, gurmi da wannan gudun?"

Na ce masa Damagaram ba su san kiɗa ba.

Da Baturen ya dawo, na tare shi da guntun Turancina ina neman haƙƙin kawu, har mudir, shugaban warshar, ya leƙo daga ofis. Baturen ya saurare ni tsaf, sannan ya zaro kwalin faifan: ga hoton samari farare masu gemu, ɗaya rungume da banjo, gurmin Turawa. Ya ce faifansu na farko ne, kiɗan ƙauyen Amurka suka ƙara wa gudu da salo.

Ilu ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wanne ne kawun?"

Har yau duk Baturen da ya shigo warsha sai an ƙwala mini kira: "Fito ku gaisa, 'yan Maraɗi sun iso!"