Nomau da Asirin Tsintau

Ku gyara zama in ba ku labarin Nomau. Rai uku ne a gidansu: shi, da matarsa Tasalla, da wata akuya da maƙwabta ke cewa ta fi shi wayo. Nomau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda magana ta fito daga baki, haka yake ɗaukarta. Wurare huɗu aka sallame shi daga aiki saboda haka. Da kawunsa Jatau ya samo masa aikin shara a masana'antar haɗa injin ban-ruwa, Tasalla ta ce, "Malam, ka riƙe wannan da kyau. In aka koro ka, babu mai sake tsaya maka."

A masana'antar akwai wani hannun ƙarfe cikin kejin waya, da kyamara a bisansa. Kyamarar ta leƙa akwatin da aka zuba notuna da kusoshi barkatai, hannun ya miƙa ya tsinto wanda ake so, ya jera. Ma'aikata suka sa masa suna Tsintau. Nomau ya saki baki yana kallo.

"Kawu, yanzu ƙarfe ne yake gani?"

"Ai shi ne asirin masana'antar nan," in ji Kawu Jatau.

Nomau ya riƙe maganar.

Wata rana Injiniya Sambo, mai kula da Tsintau, zai fita cin abinci, ya ce, "Nomau, ka sa masa ido kafin in dawo." Nomau ya ruga wurin mahauta, ya roƙo idon bijimi guda, ya ɗaure shi da zare a gaban kyamara. Injiniya ya dawo ya tarar da Tsintau a tsaye cak, ƙudaje sun yi masa rawani.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na so in sa biyu, mahaucin ya ce ɗayan ya shiga miya."

Wata rana aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Nomau ya tambayi abin da ya sami Tsintau, Injiniya ya ce, "Ba ya motsi sai da wuta." Ba a jima ba sai ga Nomau da kaskon garwashi daga wurin mai tsire. Ya ajiye a gindin keji yana fifitawa. Hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, ma'aikata suka watse waje, wani ko takalmi babu. Nomau ya biyo su da kaskonsa. "Ranka ya daɗe, na kawo masa, amma ya ƙi ci."

Wata rana Tsintau ya tsiri wata ɗabi'a. Da safe aiki lafiya lau, amma da azahar ta gabato sai ya shiga lalube, ya cafki iska ya ajiye. Injiniya ya sauya waya, ya sauya kyamara, a banza. Ya dafe kai ya ce, "Idon nan ba shi da lafiya." Washegari Nomau ya ɗauko kwallin Tasalla ya rangaɗa wa kyamarar har ta yi baƙi ƙirin. Injiniya ya wuni yana gogewa, sannan ya kira Kawu Jatau. "Darajarka yake ci. Ya ƙara ko ɗaya, ya kama hanya."

Wata rana aka ce manyan baƙi za su zo ganin Tsintau, in ya burge su za su ba masana'antar aikin shekara guda. Tasalla ta fito wa Nomau da babbar rigarsa ta bikinsu, shuɗiya mai faɗi. Baƙin da aka sa ran zuwansu da hantsi ba su iso ba sai goshin azahar. Suna tsayawa, Tsintau ya cafki iska. Ya sake cafka. Gumi ya karyo wa Injiniya, sai ya hangi Nomau yana matsowa da tsintsiya. Ya yi masa raɗa, "Don Allah, Nomau, ka rufa mana asiri."

Nufinsa ya ɓace daga wurin. Shi kuwa Nomau ya san asirin masana'antar. Ya tuɓe riga, ya taka benci, ya shimfiɗa ta a kan kejin Tsintau, ya sauko daga shi sai singileti.

Kawu Jatau ya runtse ido. Sai aka ji ƙwas, noti ya sauka a layi. Ƙwas, wani ya biyo. Tsintau ya shiga tsinta kamar kaza ta sami tsaba. Injiniya ya ɗaga kai ya ga tagar rufin da ke saitin keji. Ashe rana ce ke leƙowa da azahar, ƙarafan su yi ƙyalli su kashe wa kyamara ido. Baƙi suka tafa, suka ce lallai a nan an san aiki.

Da yamma Nomau ya shiga gida da singileti. Tasalla ta dafe ƙirji. "Shi ke nan, an kore ka! Ina rigar?"

"Ni dai an ce in dawo gobe," in ji Nomau. "Ita kuwa riga an ɗauke ta aiki, can za ta riƙa kwana."

Nan na tarar da labarin, nan kuma na ajiye muku shi.