Tseren da Bijimai Suka Ƙarasa Mini

Shekarar da aka sami 'yancin kai, Garba ɗan baffana ya sayi mota sabuwa fil, duk Tambuwal ba a zancen kowa sai shi. Abin ya tsaya mini a rai. Na lallaɓa na sayi wata akwalar mota, na ce mu yi tsere zuwa Kebbe.

Dabarata ita ce in yanke ta burtalin shanu. Na manta damina ce. Ina cikin murmushi na ji ni tsundum a laka, inji ya mutu murus.

Bijimai biyu na wani makiyayi suka jawo ni har tsakiyar Kebbe, ranar kasuwa kuwa. Garba na zaune kan motarsa yana shan fura.

Ya ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa. Mi taka sha, mai ko dussa?"

Har yau in bijimai suka gitta, sai jikokinsa su ce, "Kaka, ga injinka can."