Tsutsar da ta tona asirin salak ɗin Mama

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar raba kyaututtuka ta makarantarmu ba, shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa, sai in sunkuyar da kai in yi ta kallon tururuwa a ƙarƙashin benci. Shi ya sa da malamin bayoloji, Mista Dung, ya ce kowa ya ɗauko hoton ƙwaro a gidansu za a zaɓi mafi kyau, na ji kamar don ni aka ƙirƙiro aikin. Ƙwaro ba ya tambayar mutum me ya sa ya yi shiru.

Muna da ɗan lambu a bayan gidanmu a Dutse Uku, fangali uku na latas da 'yan gindin tumatir. Sati biyu ina aron wayar Mama bayan la'asar, in kwanta rub da ciki a ƙasa. Na ɗauki gizo-gizo mai rawayen ɗigo a baya yana naɗe ƙuda. Na bi wata fara har na gaji (hoto goma sha ɗaya na samu na ganye, babu fara a ciki). Sai na ci karo da wata koriyar tsutsa a bayan ganyen latas, ta ƙoshi har tana ƙyalli, ta ɗaga kai kamar ta san ana ɗaukarta. Ita na kai.

Dokar Mista Dung ita ce kowane hoto a rubuta masa sunan ƙwaron da inda aka same shi. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna: "Tsutsa a kan latas, lambun gidanmu."

Ita kuwa Mama salak take yi wa masu suna da biki, kuma a karon farko makaranta ta ba ta aikin salak ɗin iyaye na ranar raba kyaututtukan. Babban aiki irin wannan bai taɓa zuwa hannunta ba, kuma tana sa ran wasu za su biyo bayansa. Duk wanda ya yaba, amsarta ɗaya ce: "Ai daga lambuna nake tsinkowa, ko ɗigon magani babu." Ni da nake iya ƙirga ƙafafun tsutsa, ban haɗa wannan da wancan ba.

Ranar taro na shiga ɗakin, na ga an buga hotona ya kai girman ƙofa, an rataye shi daidai saman teburin abinci. Iyaye sun zazzauna, kowa da farantinsa a cinya. Sai na ji Mista Dung a lasifika da Hausarsa: "Wannan yarinya ya yi ƙoƙari sosai. Zo ka gaya ma iyaye yaya ka samu shi."

Na fito na karɓi makirufo. Na yi niyyar cewa na gode in gudu. Amma aka tambaye ni kan tsutsa, abin da na fi sani a duniya, sai bakina ya buɗe.

"Ba ita kaɗai ba ce, suna da yawa," na ce. "A bayan ganye suke ɓuya, kuma launinsu ɗaya da latas, sai ka ƙura ido za ka gan su. Ko an zuba ruwa ba lallai su faɗo ba, suna riƙe ganye gam. Baƙaƙen ɗigon nan kuma kashinta ne."

Na tsaya ina jiran tafi. Abin da na ji shi ne ƙarar cokulan roba ana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Wani alhaji ya sa tabarau yana juya ganye da yatsa. Matar shugaban ƙungiyar iyaye, wadda ta riga ta cinye rabin nata, ta juya wajen tebur.

"Maman Sadiƙ, wannan ba 'yarki ba ce? Ba ke kika ce daga lambunki kika tsinko ba?"

Na ga Mama tsaye da babban cokali a hannu, tsutsata a saman kanta. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta dubi farantan mutane.

"Hajiya, wallahi a kasuwar Farin Gada na sayo! Buhu biyu! Fangali uku ne za su ciyar da wannan jama'a?"

"To ai ke kika ce..."

"Na faɗa, Allah ya yafe mini. Don Allah ku ci."

Ɗakin ya kece da dariya. Alhajin ya cire tabarau ya ce, "Alhamdulillahi, tunda na kasuwa ne," ya ɗauki cokalinsa. Aka ci gaba da ci, har da masu ƙari. Ni kuma ina nan tsaye da makirufo, an manta a ce in zauna.

A cikin keke muna komawa gida da kuloli a ƙafafunmu, mun kusa layinmu sai Mama ta juyo ta dube ni.

"Shekara goma sha shida ina roƙon Allah ya buɗe bakinki," ta ce. "Ban ce a lasifika ba."

Aiki bai tsaya mata ba, Hajiyar ma ita ta ba aikin salak ɗin sunan jikarta. Sai dai yanzu in an yaba salak, "Na gode" kawai take cewa, ta harare ni in ina kusa. Ni ma na ɗauki darasina: kafin in faɗi gaskiya kan tsutsa, sai na fara duba abin da ke cikin farantin masu saurare.