Rigar da Kai Ya Ƙi Shiga

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan 'yar Luba, ƙanwar mijina, ba, ko da ma na so in manta, domin mutanen gidan mijina a Aliero ba su da niyyar su bar ni.

Bari in fara da abin da ba kowa nake faɗa wa ba. Ni babbar mace ce, da aurena da aikina, amma har yau ina ɗinka wa 'yar tsana kaya. Tun ina yarinya a Jega na fara. A lokacin 'yar tsanar tawa ta kara ce, kayanta kuma guntayen atamfar da nake tsintowa a ƙarƙashin keken telan unguwarmu. Sa'o'ina suka girma suka bari, ni kuwa na girma na sayi na roba. Yanzu suna nan jere a ɗakina, wata da riga da zane, wata da leshi, wata da shadda har da gyale. Da zaren ulu nake kitsa musu ɗamara da abin ɗaure kai da 'yar jaka, gashinsu kuma in yi masa kalaba ko shuku. Idan na dawo daga aiki na yi la'asar na zauna da allura da zare, babu abin da ke kwantar mini da hankali kamar wannan.

Akwai wata dabara ta wannan sana'a (idan har sana'a ce) da sai na yi bayaninta za a fahimci abin da ya same ni. Kan 'yar tsanar roba ya fi wuyanta girma nesa ba kusa ba, kuma ba a samun zik ko maɓallin da ya yi ƙanƙantar da zai dace da rigarta. Saboda haka ba na wahalar da kaina. Sai in yanka wuyan riga daidai kaurin wuyanta, in murɗa kan in cire, in zura rigar, in mayar da kan. Wuyan riga ya kwanta luf, babu tsaga babu ƙulli. Na yi ta yin haka har hannuna ya daina sanar da ni cewa yana yi.

Mijina bai taɓa cewa komai ba, iyakarsa murmushi. Danginsa ne abin ya ɗaure wa kai. Manoman albasa ne, ba su saba da aikin da ba a ci ba a sayarwa ba. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, mace ce mai kawaici. Ta taɓa zuwa gidanmu a Jega ta ga jerin nan, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Allah shi kawo masu rai.” Gwaggo Kulu kuwa, ƙanwar mahaifin mijina, ba ta san kawaici ba. Duk ranar da na je gaisuwa sai ta tare ni tun daga zaure: “Amarya, ya ɗiyanki? Sun fara tafiya?”

Ana nan sai Luba, ƙanwar mijina da ke aure a Maiyama, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta haifi mace. Ranar da muka je barka Gwaggo Kulu ta sake tsokanata a gaban mutane, ni kuma abin ya ɗan sosa mini rai. Sai na ji bakina yana cewa ni zan ɗinka rigar da jaririya za ta sa ranar suna.

Inna ta dube ni. “Kin iya na mutane?”

“Ai ɗinki ɗinki ne, Inna,” in ji ni.

Ta yarda. Ba ta tsaya nan ba, ta aika wa dangin mijin Luba cewa duk kayan da za su kawo su kawo, amma rigar yinin suna daga gidanta za ta fito, matar ɗanta tana da hannu. Wannan ne karo na farko da Inna ta yi alfahari da ni a gaban baƙi, kuma ta ɗora maganarta a kan allurata.

Na koma Jega na sayi farin leshi mai laushi, na yi masa shafi da yadin auduga don kada ya kankari fatar yarinya. A cikin 'yan tsanana akwai wata babba wadda tsawonta da kaurinta suka yi daidai da jaririyar, ita na ɗauka ma'auni. (A nan ya kamata in nemi sassauci: ni ce auta a gidanmu, lokacin ban haihu ba, ban kuma taɓa sa wa jariri riga ba.) Na yi ɗinkin da hannu, ɗaurin allura ƙanana kamar ƙwayar gero. Na kitsa ɗamara doguwa da ulu fari da ruwan hoda. Da na gama na gwada wa babbar 'yar tsanar, yadda nake gwadawa kullum. Riga ta zauna ɗas. Na goge, na ninke, na turara.

Ranar suna, da safe maza suka raɗa wa yarinya Safiya, wanzami ya yi mata aski. Bayan azahar tsakar gida ta cika da mata. Mutanen Maiyama aka shimfiɗa wa tabarma a inuwar darbejiya, a gabansu Hajiya Ige, uwar mijin Luba, mace mai jiki da murya. Luba tana can gefe lulluɓe da mayafi, kanta a ƙasa. Kunyar 'yar fari ce: tun safe ko kallon inda jaririyar take ba ta yi ba, kamar ma ba ta san wanda ya haife ta ba.

Aka yi wa Safiya wanka, aka shafa mata mai, aka kwantar da ita a kan ƙafafun Gwaggo Kulu. Inna ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Amarya, kawo rigar.”

Na kawo. Kafin ta isa ga mai ita sai da ta zagaya hannu hannu. Mata suna juya ta, suna duba bayan ɗinkin. Hajiya Ige ta kai ta dab da idonta ta ce, “Wanga aikin hannu ne? Ba keke ba?” Inna ta ce, “Hannu ne, Hajiya.” Wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na koma gefe ina zuba wa baƙi fura, ina yin kamar ban ji ba, alhali babu kalmar yabon da ta wuce ni.

Gwaggo Kulu ta karɓi riga. Ta juya bayanta tana neman zik, babu. Ta duba kafaɗa tana neman maɓalli, babu. Ta ɗaga kafaɗarta ta ce bismillah, ta kifa wuyan rigar a kan askakken kan Safiya. Riga ta zauna a tsakiyar kai kamar hular da ta yi kaɗan. Ta ɗan ja, yarinya ta tsandara kuka.

“Ke Amarya,” in ji Gwaggo, “ta ina ake shiga wagga riga taki?”

Ludayi na hannuna, hankalina na kan fura. Ban ko juyo sosai ba. Cikin natsuwa, da murya a fili, irin ta mai koya wa wanda bai sani ba, na ce:

“Ai sai an cire kan tukuna, Gwaggo. Ki murɗa shi kaɗan, zai fita.”

Tsakar gida ta yi tsit. Har mai daka a bayan ɗaki sai da taɓaryarta ta tsaya. Ni da kaina sai da maganar ta je ta dawo sannan na ji abin da na faɗa.

Luba ce ta fara motsi. Ta yi jifa da mayafi, ta tsallake ƙafafun surukanta, ta fizge 'yarta daga cinyar Gwaggo ta rungume. Kunyar da ta yini tana riƙo ta zube a wurin.

“Kan wa za a cire?” in ji Hajiya Ige.

“Kan jikarki, Hajiya,” in ji Gwaggo Kulu, fuskarta babu alamar wasa. “Haka mutanen Jega ka yi. In an gama biki a maida mata abinta.”

Daga nan aka fashe. Wata tsohuwa ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Na yi ƙoƙarin yin bayani, bayanin kuwa ya fi laifin muni, domin sai da na faɗa wa mutanen Maiyama da bakina cewa a jikin 'yar tsana na auna. Gwaggo ta taimaka mini: “Ɗiyan roba gare ta, ɗaki guda. Ba su kuka, ba su cin tuwo.” Aka sake kwashewa.

Dariyar ba ita ta fi damuna ba. Inna ce. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba, tana zaune tana kallon tabarma. Ita ta hana surukai kawo riga, ga jikarta tsirara a gaban taro. A lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja rigar mu tafi tare.

Da hayaniya ta lafa, sai Inna ta ɗago ta ce, “Ku ba ta almakashi.”

Aka kawo almakashi da allura. A tsakiyar taron nan na zauna, mata sun yi mini zobe, na tsaga bayan rigar daga wuya zuwa ƙugu. Na kalmashe bakin tsagar na ɗinke, na soki yatsa ban ko ce wash ba. Ɗamarar da na kitsa na yanyanka ta gida gida na maƙala a matsayin igiyoyin ɗauri. Gwaggo tana tsaye a kaina tana ba da rahoto ga na baya: “Ta huda ƙofa. Yanzu mai kai na iya shiga.”

Luba ba ta yarda ta miƙa wa kowa yarinyar ba, ita ta sa mata da hannunta. Riga ta shiga. Aka ɗaure igiyoyin a baya, suka yi kamar da gangan aka tsara su. Hajiya Ige ta karɓi jikarta, ta juya ta gaba da baya, ta dubi Inna ta ce, “Hannu dai akwai shi, ba ki yi ƙarya ba. Hankalin ne bai samu mota daga Jega da wuri ba.” A nan ne Inna ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Sai a lokacin na saki numfashi.

Har yau idan na shiga gidan, masu goyo sukan dafe kawunan 'ya'yansu su ce, “Ga ta nan tafe.” Amma bara da matar wan mijina ta haihu, Inna da kanta ta aiko in ɗinka rigar suna. Saƙon ya zo da ƙarin bayani daga Gwaggo Kulu, wai a sanar da ni cewa shi wannan yaron kansa a manne yake.

Na ɗinka, da maɓallai har ƙasa. Abin da na koya bai da yawa. Hannu idan ya saba ba ya shawara da hankali, baki kuma ya fi hannu gaggawa. Shi ya sa yanzu, kafin in sa almakashi a ƙyalle, nakan tsaya in tambayi kaina tambaya guda: mai rigar nan tana numfashi?