Yadda Na Tsayar Da Kawu Takara

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na tsayar da Kawu Iliya takara ba, shi kuwa yana can yana haddar waƙa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, malamin gona a Roni, kuma jarumin wani wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da ƙungiyarsu za ta nuna a Kazaure, labarin manomin gyaɗa. Da yake ina da ɗan shagon kwamfuta, sai ya ba ni aikin fasta. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na ƙware. (Fastar 'yan siyasa kaɗai na taɓa yi, amma wa ya tambaye ni?)

Ya zo ɗaukar hoto da malafa da fartanya, na ce wannan zubar da aji ne. Na sa masa babbar riga, na karya masa hula, na ce ya ɗaga hannu ya kalli sama. Sunansa na rubuta ɓaro-ɓaro, sunan wasan kuwa can ƙasa, sai mai tabarau. Ni da yaran shagona muka bi bango muna mannawa har kasuwar Gwiwa, ga zaɓe ya ƙarato, ga surukin Kawu, Alhaji Bala, yana neman kansila a mazaɓarsu.

Da Kawu ya aiko kirana, na zaci yabo zan sha. Na shiga zaure ina taƙama, sai na tarar da Alhaji da dattawa, fastata shimfiɗe a tabarma, Kawu a durƙushe kansa a ƙasa.

"Iliya," in ji Alhaji a hankali, "'yata fa na ba ka. Kujera ce zan hana ka? Da ka faɗa mini, ai da na janye."

Kawu ba ya iya haɗa ido da suruki, balle musu. Sai ya nuna ni kawai. Na durƙusa ina rantsuwa wasa ne, ina nuna ƙaramin rubutun da yatsa, wani dattijo ya kai takardar har hancinsa bai gani ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce ashe a banza ya ƙaurace wa tuwo. Ranar wasan yana layin gaba, ya fi kowa tafa wa Kawu.

Ni dai na koyi darasi: a ƙasarmu, in ka sa wa mutum babbar riga ka ce ya kalli sama, to ka nema masa kujera, ko da fartanya ya zo.