Ranar da Na Ɗauki Lefen Mutane a Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da warin tashar jirgin ruwan nan ba: man gas, ƙananan kifaye da aka shanya a rana, da gishirin teku mai manne wa mutum a leɓe. Har yau in na bi ta layin masu kifi a kasuwa, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi a ƙarƙashin mayafi.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, muna haya a Bukit Jalil ni da ƙawata Hadiza, 'yar Gusau. Magana ta yi nisa tsakanina da Sadik, wanda yake can gida Kano, amma manya ba su shigo ciki ba tukuna. Sai ga shi ya kira ni wata rana ya ce yayarsa, Anti Rabi, za ta zo saro hijabai da yadi, kuma tana so ta gan ni.

"Ba bincike ba ne fa," in ji shi. "Gaisawa kawai za ku yi. Sai dai kin san ita ta goya ni, abin da ta dawo ta faɗa shi Baba zai ji."

To me ake kira bincike in ba wannan ba? Daga baya na matsa masa har ya faɗa mini cewa an kai wa gidansu labari wai yarinyar tana da hankali, amma hankalin ba ya zama wuri ɗaya. (Ban ji haushi sosai ba. Na taɓa zama a jirgin ƙasa na LRT har ƙarshen layi ina kallon ruwan sama a jikin gilashi, alhali kedai, wato kanti, na fito sayen albasa.) Na ƙudurta a raina cewa Anti Rabi za ta koma Kano ta ce ba ta taɓa ganin mace mai natsuwa irina ba.

Zuwanta ya zo daidai da yawon buɗe ido da mu ɗalibai mata muka shirya zuwa wani ɗan tsibiri. Bas za ta kai mu bakin teku, mu shiga jirgi, a can kuma wata ƙaramar bas ta zagaya da mu. Na gayyace ta, ta amsa. Mu kuwa kun san halinmu, ko duniyar wata za mu je sai mun yi anko. Ni aka ba wa zaɓen launi, na je titin masu yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman na yi ta shafa yadi, har na tsaya a kan wani ruwan hoda mai ɗan duhu, irin na gajimare ana dab da magriba. Mai shagon ya ce bana shi ake yayi a gidajen biki. Na ji daɗi, na ce ashe ina da ido. Aka ɗinka wa kowa doguwar riga da mayafi, har da Anti.

A bas na yi ƙoƙari, ba yabon kai ba. Na ba ta wajen taga. Na riƙe mata jaka. Na bayyana mata gonakin kwakwar manja da muke wucewa da murya irin ta matar da ta san farashin komai. Ita kuwa doguwa ce, mai tabarau, ba ta cika magana ba, sai dai ta ce "Uhm" ta dube ka ta saman gilashin. Na samu "Uhm" mai kyau kamar sau uku kafin mu isa.

Sai muka sauka, na ga teku.

Ku fahimce ni, ni 'yar Kano ce. Na rubuta wa teku waƙoƙi tun ina sakandare, amma ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Tiga. Rana tana wasa a kan ruwan kamar an watsa sababbin kwabbai, ga wasu fararen tsuntsaye suna shawagi. Na damƙa wa Hadiza hannun Anti, na ce bari in ɗan matsa in gani. Na tsaya a bakin ƙarfe wani baiti yana haɗuwa a kaina. Can na ji jirgi ya yi ƙaho, na waiga, na ga bayan mata sanye da ruwan hoda suna hawa wani katako zuwa cikin jirgi. Na bi su. Ban dubi fuskar kowa ba, na ratsa ta gefe na wuce can gaba inda iska take, don kada baitin ya tsere mini.

Mun yi nisa da gaɓa wayata ta yi ƙara.

"Ke kina ina?" in ji Hadiza.

"Ina gaba. Ki zo ki ga kumfa, wallahi kamar an kwance rawani a kan ruwa."

"Gaban ina? Ni ce a gaba, ni da buhun albasar wani mutum."

Na juya a hankali. Jirgi cike da ruwan hoda, launin da na zaɓa da hannuna, amma duk fuskokin na Malay ne. Tsofaffi, 'yan mata, maza da huluna baƙaƙe, har jarirai an sa musu ruwan hoda. Ashe su ma suna anko in za su biki, dangi gaba ɗaya. Kowa yana mini murmushi.

"Hadiza," na ce, murya can ƙasa, "ki rufa mini asiri. Tsibiri ɗaya za mu, zan same ku a tasha. Ki ce wa Anti wani abu."

"Me zan ce? Ta tambaye ni sau biyu."

"Ki ce na yi gaba in duba mana wajen cin abinci."

Ta ce, "A teku?"

"Don Allah."

Na zauna na naɗe hannu, ina addu'ar in zama ƙarama. Wata tsohuwa mai kumatu, wadda kowa ke kira Makcik, wato kamar gwaggo a wajenmu, ta matso kusa da ni ta buɗe roba ta miƙo mini wata koriyar waina. Na ce na gode. Ta ce, "Makan, makan," wato ci, ci. Na ci. Ta ƙaro, na ci. Jikarta Aina, wadda take jin Turanci, ta tambaye ni ko ni ƙawar ango ce daga jami'a, don ya ce abokan karatunsa 'yan ƙasashen waje za su zo. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Amma bakina cike yake da wainarsu, kuma ta yaba mini da na yi ƙoƙarin neman launin dangi. Sai na yi irin murmushin nan da ba e ba ne, ba kuma a'a ba.

Jirginmu bai tsaya a babbar tasha ba. Ya zagaya bayan tsibirin ya tsaya a wata 'yar gada ta katako kusa da ƙauyen amarya. Aka fara fito da farantai masu ado da furanni da leshi, kowane da abin da aka ɗora masa: wannan sallaya, wannan jaka, wannan turare, wannan tawul da aka naɗe ya zama agwagwa. Lefensu ke nan. Su ba sa zubawa a akwati, a faranti suke jerawa, 'yan mata su ɗauka a yi layi har ƙofar gidan amarya.

Ɗaya daga cikin 'yan matan kuwa teku bai karɓe ta ba. Tana durƙushe a bakin gada tana mayar da abin da ta karya da shi. Farantinta ya rasa mai ɗauka. Makcik ta duba hagu, ta duba dama, idonta ya sauka a kaina. Aina ta fassara mini sarai, ba zan ce ban gane ba: kaka tana roƙo in taimaka, ba nisa.

A gidanmu ba a koya mini yadda ake ce wa tsohuwa a'a ba, balle wadda na cinye wa waina. Na ce, "Boleh," wato na yarda.

Takalmin amarya aka ba ni. Mai tsini, ruwan zinariya, a kan matashin karan-miski. Aka sa ni a tsakiyar layi, samari suka fara buga wasu ganguna masu kama da bandiri, muka kama hanya a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Wayata tana ta rawa a jaka, ba hannun ɗauka. Kuma (wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya) bayan ɗan lokaci na fara jin daɗi. Kiɗan ya shige ni. Iska tana kaɗa mayafina. Na gyara tafiya, na ɗaga haɓa, na soma tunanin ai wannan ma waƙa ce guda.

Muna fitowa kan kwalta sai ga wata ƙaramar bas ta tsaya don ba mu hanya. Na ji muryar ɗan jagora ta lasifika yana cewa da Turanci, kun yi sa'a, ga bikin gargajiya na mutanen tsibiri, kowa ya ɗauki hoto. Tagogi suka buɗe, wayoyi suka fito. Hannayen rigunan masu riƙe da wayoyin duk ruwan hoda ne.

Wata daga ciki ta ce, da Hausa tsantsa, "Ikon Allah, ashe har da irinmu baƙaƙe a garin nan."

Wata ta ce, "Kuma kamar na san tafiyar nan."

A taga ta biyu Anti Rabi ce, ta sa yatsu biyu tana jawo hoton kusa. Na ga lokacin da yatsun suka tsaya. Ta sauke wayar. Ta dube ni ta saman tabarau. Hadiza a gefenta ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Tarbiyya ce dai ta yi aikinta ba tare da shawara da ni ba. A tsakiyar titi, da takalmin amaryar mutane a hannu, na rusuna har ƙasa na ce, "Anti, ina wuni."

'Yan mata biyu da ke bayana suka ga na rusuna, suka ɗauka wani abu ne da ya kamata a yi wa baƙi, su ma suka rusuna wa bas. Masu ganga suka rikice, kiɗa ya karye. Bas kuwa ta kwashe da dariya, har direba.

Anti ta sauko. Ba ta yi sauri ba. Ta zo ta tsaya a gabana, ta dubi takalmin, ta dube ni.

"Lafiya lau," ta ce. "Wannan ne wajen cin abincin da kika zo dubawa?"

"Anti, wallahi jirgin ne..."

"Miƙe. Kai musu kayansu tukuna, kada ki zubar."

Haka na ƙarasa tafiyar, ita tana biye da ni a gefe kamar mai rakiyar fursuna. Makcik tana ganin wata doguwa cikin launin dangi ta kama hannunta, da ta hango sauran a bas kuma ta ce ai ba mai wucewa bai ci abinci ba. Muka cika rumfar mutane. Aka zubo shinkafa mai mai da nama, ƙawayena suna ci suna ce mini uwar biki. Aina da ta ji ainihin labarin sai da ta zauna a ƙasa don dariya, sannan ta karɓi lambata. Ni dai na sunkuyar da kai ina ta juya cokali a faranti. Ango ya zo ya yi mini godiya, yana ta ƙoƙarin tuna ajin da muka yi tare.

A jirgin komawa Anti ta sa ni a gefenta, ta riƙe bakin mayafina a hannu har muka sauka. Magana ɗaya ta yi mini, muna tsakiyar ruwa:

"Namu lefen ba a kawo ba, kin fara ɗaukar na mutane."

Ban kalli teku ko sau ɗaya ba. Na isa gida na kwanta na ce wa Hadiza shi ke nan, ta fara neman wanda za a ba wa ankon bikina. Ta ce in dai ruwan hoda ne akwai dangi guda a tsibiri da za su karɓa.

Bayan Anti ta koma Kano, Sadik ya kira. Na ɗauka da sallama irin ta mai jiran sakamakon asibiti.

"Ta ce a je a nema," in ji shi. "Ta ce kina da kunya, kina girmama manya, kuma abin da aka ba ki amana ba ki yar ba. Amma ta ce in Allah ya yi, kada in kuskura in bar ki ki je kasuwar Kwari ke kaɗai ranar da ake sayen anko."

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka bi mutane, ka zagaya ta gaba ka ga fuskarsu. Ina ƙoƙari. Wani lokaci ina mantawa.

Sai bayan na yi aure, har na yaye 'yata ta fari, Aina ta turo mini hotunan bikin, ta ce tana share waya ne ta ci karo da su. Ina ta wucewa ina dariya, har na zo kan wanda aka ɗauka a cikin jirgin 'yan bikin kafin ya tashi daga tasha. Ga ni can gaba, na ba wa duniya baya. A kujerar ƙarshe kuma, tsakanin wasu tsofaffin Malay biyu, ga wata doguwa mai tabarau zaune cikin natsuwa, ta ɗora jaka a cinya, da koriyar waina a hannunta, an gutsuri rabi. Aina ta ce ta tuna ta. Wai ana dab da kwance igiya matar ta dubi na hagunta, ta dubi na damanta, ta miƙe ta sauka ba ta ce wa kowa komai ba, kuma da wainar ta tafi.